Fankar Lagireto da Gyaran “Dairek” a Tashar Bassam

Daga tashar Bassam da ke Treichville, bakin babban titin da aka daɗe ana kira Giscard d'Estaing a Abijan, zuwa garin Grand-Bassam tafiyar kilomita 40 ce ko kusa da haka. Ga tsohuwar mota kuwa, hanyar kashi biyu ce. Kashin farko rarrafe ne: Marcory, mahaɗar Koumassi, Port-Bouët, a tsaya a matsa, a tsaya a matsa. Wanda ya yi lodi daga Adjamé ma sai ya fara shan cunkoson gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle kafin ya zo nan. Kashi na biyu shi ne babbar hanyar da aka buɗe a 2015, inda mota ke sakin jiki iska na dukan lagireto. Duk direban da ya lura allurar zafi tana hawa a kashin farko, tana sauka da kanta a na biyu, to motar ta riga ta faɗa masa ciwonta: fanka ba ta aiki. In kuwa a gudu take zafi, laifin na wani wuri ne, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, kuma cire fanka a duba ɓata lokaci ne.

Ba kowace mota wannan magana ta shafa ba. Peugeot 504 da ta daɗe tana aikin haya a hanyoyin Afirka ta Yamma, da yawancin bas-bas irin Hiace, bel ne ke juya fankarsu. Ƙananan motoci irin Corolla, waɗanda suka cika layin tasi masu ruwan lemo da woro-woro, injinsu a gicciye yake, don haka wutar batir ke juya tasu. Irin waɗannan da yawa sun shigo ƙasar Kwaddibuwa ne bayan sun gama ƙuruciyarsu a Turai, har ake musu laƙabi da “France au revoir”. Tun Yulin 2018 dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2017 ta hana shigo da ƙaramar motar da ta haura shekara 5. Dokar ta rufe ƙofa, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan suna neman abinci, wayoyin cikinsu na ƙara bushewa kowace shekara.

Hanyar da wuta ke bi kafin ta kai ga fanka gajera ce. Daga batir ta ratsa fis, ta shiga rile, ta kai ƙaramin injin fankar, ta koma ta wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Mai ba da umarni shi ne wani ɗan makunni na tagulla da aka ɗaura a jikin lagireto ko a bututun ruwa kusa da inji. Idan ruwa ya haura digiri 90 da ɗoriya, sai ya sa rile ya haɗa wuta. Ruwa ya huce, ya yanke. Abu biyar ke nan, kuma injin fankar ne mafi tsada a cikinsu. Abin mamaki, shi ake fara zargi.

Mai wayarin da ya san aikinsa ba ya fara sauke komai. Inji a sanyaye, makulli a aljihu, zai sa yatsa ya juya fiffiken ya ji ko yana tafiya sumul. A kula, wasu motoci irin Peugeot da Volkswagen fankarsu kan tashi ko da an zare makulli, don haka in inji da zafi a cire wayar batir tukuna. Daga nan sai ya duba ruwa, domin makunnin nan sai ruwa ya taɓa shi yake jin zafi. Lagireton da ruwansa ya yi ƙasa yakan bar makunni a bushe, inji na tafasa, fanka na barci, alhali lafiyarta ƙalau. Sannan fis. Sannan ya ɗauko waya biyu ya ba fankar wuta kai tsaye daga batir. Ta tashi da ƙarfi? To ba ruwanta, a koma kan hanya. Ta ƙi tashi sai an ƙwanƙwasa bayanta da gindin sukudireba? Gawayin cikinta ya cinye, kuma ana iya canza shi ba sai an je Abobo neman wata a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci ba.

Abijan tana da nata ciwon da Kano da Maraɗi ba su sani ba sosai. A can ƙura ce abokiyar gaba, a nan danshi ne da gishirin teku. Motar da kullum take bin gaɓar Port-Bouët, ta kuma kutsa cikin ambaliyar watan Yuni, idan ka zare soket ɗin fankarta za ka ga bakin ƙarfen ya yi kore-kore, da wani farin gari kamar toka, robar gefensa ta yi baƙi ta ɗan narke. Ka fere wayar ka ga tagullar ciki ta dushe har tsawon ɗan yatsa. Irin wannan wuri yana yaudarar ma'auni. Ka sa mita ta nuna maka bolt 12 cif, ka ce wuta na zuwa. Tana zuwa, amma ta siririyar ƙofa. Da zarar fanka ta nemi amfiya 15 ko 20 da take bukata, sai wutar ta faɗi, wurin ya ɗau zafi. Shi ya sa tsofaffin hannu suka fi yarda da ƙwan fitilar gaba a matsayin abin gwaji, domin shi yana jan wuta sosai, in hanya ba ta da kyau zai ci a dushe. Wayar da ke ɗaure a jikin mota ma haka: ƙusa ɗaya mai tsatsa ta isa ta sa fanka ta riƙa juyawa a kasalance. A kwance, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa giris.

Akwai wani tarko da ya kamata duk mai tsohuwar Toyota ya sani. A Peugeot da Volkswagen na da, makunnin zafi a buɗe yake zama, sai ruwa ya yi zafi ya rufe. Gwajinsa shi ne a haɗa bakin wayoyinsa biyu, fanka ta tashi. A Corolla ta shekarun 1980 da 1990 abin a juye yake. Makunnin a rufe yake lokacin sanyi, yana buɗewa wajen digiri 93, kuma rile ɗinsa na musamman ne, wanda ke ba fanka wuta idan an daina ba shi. Masu ƙera ta sun yi haka ne domin in waya ta tsinke fanka ta tashi, kada inji ya ƙone. Gwajin irin wannan mai sauƙi ne: a kunna makulli, a zare soket ɗin makunnin, fanka ta kama aiki. To ga inda ake faɗawa. Yaron shago ya ga rile ya mutu, ya ɗauko na fitila ko na ham mai kama da shi ya yi dabarar cusa shi. Da safe direba ya tayar da mota, ya ji fanka na huci, ya ce madalla, aiki ya yi kyau. Sai an shiga tsakiyar Koumassi, ruwa ya kai zafin da ake bukatarta, a lokacin ne za ta tsaya cak. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kuma ba wanda zai zargi sabon rile.

Yanzu mu zo kan “dairek”. Mota na kan layi, saura fasinja biyu ta cika, 'yan kamasho na kira, fanka ta ƙi tashi. Direba zai ce wa mai wayarin, “Maigida, don Allah a yi mini ita dairek kawai, layi zai wuce ni.” Maigida in mai gaskiya ne zai ce, “Zan yi maka, amma ka dawo da yamma.” Yawanci ba a dawowa. Ana jan waya ɗaya daga bayan makulli zuwa fanka, a naɗe da salatif, a kuma cire tamostat a jefar, a ce ai nan ba Turai ba ce.

Ban ga laifin direban ba a wannan safiya. Mutumin da ake jiransa da balas da daddare ba zai tsaya sauraron darasi ba, kuma fanka mai juyawa ba dare ba rana ta fi wadda ba ta juyawa. Inda na ƙi yarda shi ne a mayar da dabarar isa gida ta zama gyara. Bakin makulli ba a yi shi don ɗaukar amfiya 20 na awa da awanni ba. Zai yi zafi, ya ƙone, wata rana mota ta mutu a tsakiyar gada. Fankar da aka ƙera don ta yi minti ɗaya ta huta, in aka hana ta hutu gawayinta zai ƙare da wuri, kuma ranar da za ta mutu ba sauran alama, tunda kunne ya saba da ƙararta. A kan babbar hanya ma ba ta ƙara komai, iskar gudu ta fi ta ƙarfi. Injin da aka cire wa tamostat kuwa yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai fiye da ƙima. Mafi muni shi ne wayar da ba fis. In ta goga da ƙarfe ta fere, batir zai zuba mata duk ƙarfinsa, ta yi ja, robar ta kama, ga bututun fetur a kusa. Haka nan fis ɗin da aka ɗaure wa silin tagulla ko takardar kwalin sigari. Fis da ke yawan ƙonewa faɗa yake yi cewa fanka ta cije ko waya ta fere, ba rowa yake yi ba.

Idan wayoyin asali sun lalace har ba sa gyaruwa, sabon wayarin ba ya cin awa biyu. A cire wayar batir mai alamar ragi. A ɗauko waya mai kauri, milimita 4, daga kan batir mai alamar tarawa, a sa fis na amfiya 30 kusa da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, domin wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. Rile na gama-gari mai ƙafa huɗu yana da lambobi a gindinsa. Wayar batir ta shiga 30, ta fita ta 87 zuwa fanka, ɗaya wayar fankar a ɗaure ta a ƙarfe mai tsabta. Sauran ƙafa biyun na siririyar waya ne: 86 daga wutar makulli, 85 zuwa makunnin zafi, shi kuma zuwa jikin mota. Wannan tsari na makunni mai rufewa da zafi ne, don haka mai Corolla ko dai ya nemi rile irin na asali, ko ya canza makunnin. Direban da hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji fanka, a sa masa maɓalli a gabansa a kan siririyar wayar 85, ya kunna in ya hango cunkoson Lahadi da yamma na masu dawowa daga bakin teku, ko na lokacin bikin Abissa. Haɗin waya a matse shi da ƙarfen haɗi ko a like da dalma. Murɗawa da hannu ba ya wata uku a wannan danshi. A nisantar da waya daga bututun hayaƙi, a sa roba duk inda ta ratsa ƙarfe.

Bayan an haɗa wayoyi, a duba inda iska ke nufa. Irin wannan fanka in aka juya wayoyinta baya take juyawa, ta riƙa tura iska waje tana faɗa da iskar hanya. A riƙe takarda a gaban lagireto: in ta manne, daidai ne.

Murfin lagireto mai lamba 0.9 yana riƙe ruwa har wajen digiri 120 bai tafasa ba, shi ya sa buɗe shi da zafi ke saɓule fatar fuska. In allura ta kai ja a hanya, a tsaya, a kashe inji, a jira, komai surutun fasinja. Kan injin waɗannan motoci na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙona gaskit, kuma kuɗin wannan aiki ya ninka na rile sau ba adadi.

Bayan gyara kada a bar shago da zarar an ji fanka ta tashi. A rufe bonet rabi, a bar mota tana aiki a tsaye, a je a ci abincin garba a dawo in ana so, amma wani ya tsaya yana kallon allura. Sai fanka ta kama da kanta, ta tsaya da kanta, ta sake kamawa, an taɓa fis da soket an ji ba zafi, sannan a biya mai wayarin a shiga layi.