Kadisiyya Da Karbala: Sunayen Da Aka Raɗa Wa Yaƙin Iraƙi Da Iran

Ran 22 ga watan Satumba, 1980, sojojin Iraƙi suka ƙetare iyaka suka afka wa ƙasar Iran. Musabbabin rigimar ba ɓoyayye ba ne: mashigin ruwan Shaɗɗul Arab, da lardin Kuzistan mai arzikin mai, da fargabar da Saddam Husaini yake yi kada juyin juya halin 1979 ya tsallako masa gida. Amma da wuya uwa ta ba da ɗanta saboda mashigin ruwa. Sai kowane ɓangare ya shiga tarihi ya nemo wa yaƙin suna.

Saddam ya kira shi Kadisiyya, wato wurin da rundunar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta karya Farisawa wajen shekarar 636. Mai karatu ya lura, Farisawan wancan zamani Majusawa ne, na 1980 kuwa Musulmi ne masu fuskantar alƙibla ɗaya da shi. To, da yake yawancin ƙananan sojojinsa 'yan Shi'a ne, Larabci ya fi masa amfani a wannan fage.

Iran kuma ta ɗauko Karbala, inda aka kashe Imam Husaini a 680, aka mai da Saddam Yazidu. Samarin rundunar sa-kai ta Basij, har da 'yan makaranta, suka riƙa kutsawa filayen nakiya. Yaro ɗan shekara 13, Husaini Fahmide, wanda aka ce ya faɗa ƙarƙashin tankar yaƙi da gurneti a Koramshahar, ya zama abin koyi a littattafan makaranta. A maƙabartar Beheshti Zahra ta Tehran har aka gina marmaro mai fesa jan ruwa kamar jini.

Illar irin wannan suna ta bayyana a 1982. Iran ta ƙwato Koramshahar a watan Mayu, Iraƙi ta nemi a tsagaita wuta. Tehran ta ƙi, aka ce hanyar Ƙudus ta Karbala ta bi. Wa zai ce a yi sulhu da Yazidu? Aka ƙara shekara shida, iskar guba tana halaka sojoji, har da Kurdawan Halabja a 1988.

Da Ayatullahi Khumaini ya karɓi ƙuduri na 598 na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kwatanta abin da shan guba. Aka tsagaita wuta ran 20 ga Agusta, 1988, dubban ɗaruruwa sun mutu, iyaka tana inda take. A 1990 Saddam ya koma ga yarjejeniyar Aljas ta 1975, wadda ya yaga kafin ya fara yaƙin.