Bayan an sallamo shi daga asibiti

Ranar da aka sallamo mai shaye-shaye daga asibitin ƙwaƙwalwa, ko na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano, gida yakan cika da murna. Dangi su zo barka, uwa ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdulillahi, ya shiryu." Alhali aikin da ya fi wuya a ranar yake somawa, kuma a tsakar gida za a yi shi.

Gidajen da ke cikin wannan hali ba su da iyaka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma dokar ba ta warkar da waɗanda ya riga ya kama ba.

Tiramol da kodin sukan sa ƙwaƙwalwa ta saba da samun daɗi daga waje, har ta rage wanda take samarwa da kanta. In aka daina, akwai kwanakin zufa, gudawa da ciwon gaɓoɓi. Waɗannan sukan wuce. Abin da yake daɗewa, wata da watanni, shi ne rashin barci, saurin fushi da ƙuncin rai. Za ka ga saurayi zaune a zaure, an ajiye masa tuwon da ya fi so har ya huce bai taɓa ba. Mutanen gida su ce lalaci ne ko rashin godiya, alhali jikin ne bai gama komawa daidai ba.

Su ma mutanen gidan ba a ga laifinsu ba. Wadda aka taɓa sace wa sarƙar aure dole ta riƙa kwana da jaka a ƙarƙashin matashi. Sai dai tsaro daban, tozarci daban. Hana shi tsabar kuɗi, saya masa abin da yake buƙata, raba shi da tsohuwar majalisa da tsohon layin waya, nema masa sana'ar da za ta cika masa yini, duk kulawa ce. Shinshina rigarsa a gaban ƙannensa, ko kiransa "ɗan ƙwaya" duk lokacin da aka yi saɓani, koya masa ɓoyo ne kawai.

Ɓoyon nan kuwa yana kisa. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma shan ƙwaya, kusan yadda ake gani ga masu hawan jini ko asma. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, don haka ƙwayar da yake haɗiyewa a da tana iya tsayar masa da numfashi yau. Ina ganin babu abin da ya fi muhimmanci irin a samu mutum ɗaya a gidan, yaya ko kawu, wanda mai shaye-shayen zai iya zuwa ya ce masa, "Yaya, jiya na sha," ba tare da an ambaci gidan mari ba. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa a 2019: ɗaruruwan mutane, wasu cikin sarƙa, jikinsu duk tabo. Wanda ya koma, likitansa za a mayar wa, a sake duba maganin.

Mai jinyar ma tana buƙatar wanda zai saurare ta. Matar da ke ƙirga sa'o'i duk daren da mijinta ya makara, ita ma ciwo take tarawa, kuma kunyar surutun unguwa takan hana ta faɗa wa ko da 'yar'uwarta. Ya kamata dangi su karɓe ta lokaci-lokaci, ta je gida ta huta.

Idan kuwa aka tarar da mai shaye-shayen an tashe shi ya ƙi tashi, numfashinsa na fita da ƙyar, kada a ɗura masa madara ko manja, domin za su iya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibiti nan take, a tafi da kwalin abin da ya sha.