Kukan Jariri Kafin Arba'in: Me Muke Ɗura Masa?

Tun da ma'aikatan lafiya suka dage wa masu zuwa awo da maganar nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a haɗa, ake ta ja-in-ja a ɗakunan jego. Abin ya ƙaru daga 2019, lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa. Mai jego ta dawo daga asibiti da abin da aka gaya mata, kaka ko goggon da ta zo zaman jego kuma tana da nata sanin. Da rana kowa lafiya lau. Sai bayan magariba gardama ke tashi, idan jariri ya fara tsala kuka, ya naɗe ƙafafu, ya dunƙule hannu, a ba shi nono ya kama ya saki. Nan za ka ji ana cewa, "Ke, yaron nan cikinsa ke ciwo." Wata ta ce, "Ƙishirwa ce, wannan zafi ko babba ai sai da ruwa." Mafi ciwo ita ce ta uku: "Anya nonon nan naki lafiya yake?" Kafin a kira isha'i an aiki yaro kemis.

Ban ga laifin kakanni ba, tausayi ne ke sa su. Abin da ke damuna shi ne an hana su ba da ruwa, amma ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu abin da likitocin yara suka sani fiye da shekara sittin: kukan jariri yana da lokacin hawa, yana da lokacin sauka.

A 1962 wani likitan yara a Amurka, Berry Brazelton, ya sa iyayen jarirai 80 masu ƙoshin lafiya su riƙa rubuta tsawon kukan 'ya'yansu kullum. Ya ga kukan yana fara ƙaruwa daga wajen mako na biyu, ya kai ƙololuwa a mako na shida, inda jariri kan yi kusan awa biyu da minti 45 a yini yana kuka, galibi da yamma, sannan ya riƙa ja da baya har zuwa wata na uku. Wani zai ce ai 'ya'yan Turawa ne da ake ajiyewa su kaɗai a gado. To, Ronald Barr da abokan aikinsa sun duba jariran mutanen Kung na hamadar Kalahari a Botsuwana, waɗanda kusan ba sa rabuwa da jikin uwa, suna shan nono sau da yawa cikin awa guda. Su ma kukansu yana hawa ya sauka a wannan tsakani. Bambancin kawai shi ne nasu ba ya daɗewa, domin da sun motsa an rarrashe su. Wato abin a halittar ɗan Adam yake. Jariri yana iya fara kuka cikin sauƙi, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna yadda zai iya tsayar da shi da kansa ba tukuna.

Yanzu a lissafa. Mako shida kwana 42 ke nan. Kukan yana kaiwa maƙura daidai lokacin arba'in, sa'ad da aka gama wankan jego, masu taya zama suka fara haɗa kayansu, wadda ta je wankan gida take shirin komawa ɗakinta. A daidai wannan gaɓa ne kowa ke kawo nasa maganin: wannan jiƙo, waccan zuma da ruwan ɗumi, wancan kwalbar Gripe Water. Bayan 'yan makonni kuka ya lafa, sai a ce maganin ya yi aiki, a riƙe sunansa don jika na gaba. Kamar wanda ya sayar maka da maganin hunturu ne a ƙarshen Fabrairu. Ka sha ko kada ka sha, sanyi ya riga ya kama hanya. Haka magungunan kukan jarirai suka samu suna, namu na gargajiya da na kwalba duka.

Da a ce ba sa cutarwa da sai mu yi shiru. Amma ba mu manta da My Pikin ba. A ƙarshen 2008 yara suka fara zuwa asibitocin Legas da Ibadan da Zariya fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta daina aiki. Bincike ya gano cewa wannan maganin, da ake sayarwa don haƙori da rigimar yara, yana ɗauke da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sawa a ruwan birkin mota. Gwamnati ta ce yara 84 suka rasu. A 2022 irin wannan guba, a cikin magungunan tari, ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Da yawa daga cikin iyayen da suka sayi My Pikin ba wata babbar cuta suke nema wa magani ba, so suke yaro ya samu sauƙi ya yi barci. Har yau kuwa, shiga kemis ka ce jaririnka ba ya barci, da wuya ka fito hannu wofi. Wasu Piriton za su miƙo maka, wasu Phenergan, wanda aka hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba domin yana iya danne numfashi. Shi kansa Gripe Water, da William Woodward ya haɗa a Ingila a 1851, asalinsa da giya a ciki, sai daga baya aka cire. Wanda ake sayarwa yanzu ma babu wani ingantaccen bincike da ya nuna yana rage kuka.

Zuma kuwa, duk da darajarta a wurinmu, likitoci sun hana ba yaron da bai cika shekara ba. Takan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, sai gubarta ta saki jijiyoyinsa ya kasa ko tsotso. Jiƙo ba a san ƙarfinsa ba, ba a san tsabtar ruwan da aka jiƙa shi ba. Cire belu da wanzami ke yi ba ya hana kuka, sai dai ya jawo zubar jini da shigar cuta. Haka gasa cibiya da tsumma mai zafi, alhali akwai man kulohekzidin da ake shafawa, wanda Jihar Sakkwato ta fara rarrabawa tun 2013.

Batun zargin nono ya fi komai ɓata min rai, domin yarinya ce 'yar haihuwar fari ake sa wa shakka a kan jikinta a lokacin da ba ta da bakin musu. Nono kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne, ya ishi jariri ko a bazarar Sakkwato ko ta Damagaram. Cikinsa ƙarami ne, duk ruwan da aka ɗura ya cinye gurbin nono, tsotso ya ragu, nonon ma ya ragu, sannan a ce ga shi dama ba ya isa. Yawan neman nono da yamma, ya kama ya saki ya sake kamawa, ɗabi'ar jarirai ce. Hanyar gane ko yana ƙoshi ba ta da wuya: yana sha sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, yana jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida bayan kwanakin farko, kuma ma'auni yana nuna yana ƙaruwa. Kumburin cikin da ake gani sau da yawa iskar da ya haɗiya ce garin kukan, don haka a ɗora shi a kafaɗa a shafa bayansa ya yi gyatsa.

To me ke aiki? Abin da muke da shi tun kaka da kakanni: ɗauka da goyo. A 1986 a Montiriyal ta Kanada, masu bincike Hunziker da Barr sun sa wasu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu, sai kukan ya ragu da kashi 43 cikin 100 a mako na shida. A 2022 Kumi Kuroda da tawagarta a cibiyar RIKEN ta Japan suka gwada jarirai 21, suka ga idan uwa ta rungumi mai kuka ta yi tafiya da shi minti biyar ba tsayawa, bugun zuciyarsa na sauka, kukan ya tsaya, kusan rabinsu ma barci ya ɗauke su. Riƙe shi a zaune bai yi wannan tasirin ba. Sun kuma ba da shawarar a zauna da shi minti biyar zuwa takwas kafin a kwantar, don barcin ya yi nauyi. Kowace kaka ta san wannan zirga-zirga a tsakar gida, da "shh, shh" a kunne, da ɗan bubbuga baya. Nan ne iliminta ya fi na kowa, nan ya kamata a ba ta girmanta. Sai dai a kula da wuyan ɗanyen jariri a goyo, a riƙa leƙa fuskarsa kada majanyi ya toshe hanci. A duba ko kaya sun yi masa yawa, domin hula da safa da bargo a watan Afrilu kaɗai sun isa sa kuka. Idan za a kwantar, a rigingine, cikin gidan sauro.

Akwai jariran da za a yi duk wannan su ci gaba da abinsu. Tun 1954 likita Morris Wessel ya bayyana irinsu: kuka fiye da awa uku a yini, fiye da kwana uku a mako, amma suna sha suna girma. Su ma kukan nasu yana wucewa zuwa wata uku ko huɗu. Haɗarin a nan gajiyar mai reno ne. Uwar da ta kwana uku ba barci, ko yarinya 'yar reno da aka bar wa shi, tana iya girgiza shi da ƙarfi cikin fushi. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa ba ƙwari, 'yan daƙiƙu na irin wannan girgiza suna iya tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ya makance, ya nakasa ko ya rasu. Duk wadda ta ji ranta ya ɓaci ta kwantar da shi a wuri mai aminci, ta fita ta sha iska minti goma. Maigida kuma, komawa zaure ko majalisa don kuka ya dame ka ba taimako ba ne. Tafiyar minti biyar ɗin nan kai ma kana da ƙafar yin ta.

Ranar allurar rigakafi ta mako shida iyaye mata na cika asibitocin sha-ka-tafi, a daidai makon da kuka ya fi tsanani. Me zai hana a yi musu wannan bayani a layin, a ce kuma su zo da kakar yaron? Bayanin da ya fi zama dole shi ne na kukan da ba na rarrashi ba. Idan jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama nono bayan da yana sha, ko numfashinsa ya kai 60 a minti guda, ƙirji na lotsawa, ko yana fizge-fizge ko sanƙarewa, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya yi koren amai ko kashi da jini, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko shawara ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko kuma ya yi laƙwas kukan ma ya gagara, asibiti za a nufa a daren, kada a jira gari ya waye.