Dodon koɗi iri biyu a ƙasar Adar

Da zarar ruwan farko ya sauka a Takanamat da sauran garuruwan arewacin Adar, dodon koɗi yakan fito daga inda ya kwana rani. Iri biyu ne ya kamata jama'a su san bambancinsu, domin ɗaya daga cikinsu yana da hannu a cutar tsargiya.

Na farko shi ne na tudu, wanda masana suke kira Limicolaria. Katantanwarsa doguwa ce mai tsini, takan kai tsawon yatsa, da zane-zane ja-ja kamar harshen wuta. Ƙahonsa huɗu ne, idanunsa kuwa suna bisa kan dogayen biyun. Yana son inuwa da laima, gindin itace da ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Idan rani ya yi, sai ya shige ƙasa, ya toshe bakin katantanwarsa da yauƙi mai bushewa, ya jira damina. Ɓarnarsa ba ta wuce cin ganyen lambu ba.

Na biyu shi ne na tabki, mai suna Bulinus. Ƙarami ne, bai cika wuce girman ƙwayar wake ba, ƙahonsa biyu. Idan aka riƙe katantanwarsa tsini yana sama, bakinta yana duban mutum, za a ga bakin a hagu. Na tudu kuwa a dama yake. Wasu irinsa suna jure bushewar tabki a cikin laka har ruwa ya dawo.

A jikin wannan ƙaramin ne tsutsar tsargiya take hayayyafa. Mai cutar ya yi fitsari a tabki, ƙwai su ƙyanƙyashe, su shiga dodon koɗi. Bayan ƴan makonni tsutsotsi su fito, su huda fatar mai wanka ko mai ban ruwan dabbobi. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851.

Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma idan ya daɗe yakan lalata mafitsara da ƙoda. A 2004 Nijar ta fara rabon maganin praziquantel ga ƴan lakwal. Sai iyaye su kai yaro gidan likita da an ga jini, shugabannin gari kuma su hana fitsari a bakin tabki. Rigakafi ya fi magani.