"Turn": kalma ɗaya, aiki barkatai a kudu

A makaranta an koya mana cewa "turn" juyawa ce. To, a titin Legas ta wuce nan.

In fasinja ya ce wa ɗan keke "turn left", kwana zai sha hagu. Mai abinci in ta ce tana "turn eba", teba take tuƙawa, muciyar ma "turning stick" suke ce mata. A asibiti kuwa sai a kula, "eye dey turn me" jiri ne, "belle dey turn me" murɗawar ciki ce ko tashin zuciya. Kar a haɗa su.

Amma wadda na fi ganin tana jawo asara ita ce ta layi. Wajen sauke shanu a kara, in aka ce "no be your turn", ba cewa aka yi ka juya mota ba fa, layi ne bai zo kanka ba. Baƙon direba ya tafi juyi, kafin ya dawo wani ya shige gurbinsa, shanu suna galabaita a rana. Ko "emi lo kan" ɗin da Tinubu ya faɗa a Abeokuta a 2022, ma'anar ke nan da Yarbanci, wato layi ya zo kaina.