Ƙiba a Zongon Lome: Me Ake Faɗa, Me Aka Tabbatar?

A Zongon Lome da sauran unguwannin Agoè, idan amarya ta cika ta batse sai a ce miji ya iya kiwo, idan magidanci ya ajiye tumbi a ce Alhaji ya samu. Wannan magana ta fi kowace jita-jita tsada, domin ƙiba mai yawa tana buɗe ƙofa ga hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yan matan da ke shan ƙwayar "sha ka fashe" don su yi jiki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan dexamethasone ne, wanda ke kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya ɗaga suga, ya raunana ƙashi.

Sai kuma masu cewa mai ƙiba kwaɗayi ne ya yi masa yawa, da ya so da ya rage. Ba haka abin yake ba. Da nauyi ya fara sauka, yunwa takan ƙaru, jiki kuma ya rage ƙona abinci, don haka mutum da jikinsa yake kokawa. Gori ba ya taimaka masa, sai dai ya sa shi ci a ɓoye ya kuma guji asibiti.

Abin da bincike ya nuna yana aiki shi ne gyaran ɗabi'a da tunani, hanyar da ta samo asali daga aikin wani mai bincike, Richard Stuart, a 1967. Mutum ya riƙa lura da abin da ya ci, yaushe, kuma cikin wane hali, ya rubuta ko ya naɗa a waya. Nan zai gano cokalin suga nawa ke shiga kokonsa, da man da ke kan ayimolu (shinkafa da wake), da lemon kwalbar da yake sha don zafin rana, da zemijan (acaɓa) da yake hawa zuwa inda ƙafa za ta kai shi. Sai ya kama abu ɗaya ya gyara: ƙaramin kwano, tuwon dare da wuri, cire lemo daga firji. A ɓangaren tunani, ana koya masa ya kama kansa idan zuciya ta ce, "Tunda na ɓata yau a gidan suna, bari in ƙarasa." Cin rana ɗaya ba ya rushe aikin wata guda, kuma da yawa a daidai wannan tunanin suke sarewa.

A Amurka an gwada haka kan mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58, masu shan maganin suga na metformin kuwa kashi 31.

Shayin rage tumbi fa? Da yawansa filasko ne, gudawa yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Ramar azumi ma takan ɓace 'yan makonni bayan Salla.

Ba kuma sai Hajiya ta koma jikin budurci ba. Mai kilo 90 da ta sauke 5 zuwa 9 za ta ga sauyi a jininta da sugarta. Nauyin yakan dawo idan aka daina bibiya, shi ya sa nake ganin matan Islamiyya da 'yan adashe su haɗu su riƙa hawa sikeli tare suna fita tafiyar safe. Wanda ƙibarsa ta kai ga haki ko kumburin ƙafa, ko yake shan maganin suga, ya fara ganin likita a asibitin unguwa ko CHU Sylvanus Olympio kafin ya taɓa abincinsa.