Dabarar Zaɓen Iri a Lissafin Kwamfuta: Bayani da Matsalar Suna

Wannan maƙala za ta yi bayanin wata dabarar lissafi wadda har yanzu ba ta sami tsayayyen suna a Hausa ba. A shekarar 1975 John Holland na Jami'ar Mishigan a Amurka ya fitar da littafin da ya kafa tushenta, ko da yake Ingo Rechenberg ya yi gwaji makamancin wannan a Jamus tun shekarun 1960.

Mu ɗauki tsara jadawalin darussa a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare. Kowane darasi sai a ba shi lokaci guda cikakke, ba a raba shi rabi nan rabi can. Akwai kuma sharuɗɗa: malami ɗaya ba ya koyarwa a aji biyu lokaci guda, ɗaki ba ya ɗaukar fiye da kujerunsa. Darussa 20 kawai a lokuta 10 suna ba da tsari iri-iri har 1 da sifiri 20 a bayansa, adadin da ya fi ƙarfin a bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Sai kwamfuta ta yi abin da manomin gero ke yi a ƙasar Katagum, wanda kan ware zangarniya mafi kyau ya ajiye don iri. Takan fara da tarin jadawalai na kan-mai-uwa-da-wabi, ta auna kowanne, ta ci tarar wanda ya karya sharaɗi ta hanyar rage masa maki. Waɗanda suka fi maki su ake haɗawa, a ɗebo ɓangare daga wannan, ɓangare daga wancan, a ɗan sauya wani gurbi ba zato, sannan a sake zagayowa. Sai dai dabarar ba ta lamunce cewa jadawalin ƙarshe shi ne mafi kyau duka.

Saura suna. An saba fassara asalin kalmar da “juyin halitta”, amma na lura a ajina, nan inda aiki ya kawo ni nesa da gida, cewa da zarar an ambace ta sai muhawara ta koma kan asalin ɗan Adam, lissafi ya bi ruwa. A ganina “dabarar zaɓen iri” ta fi dacewa, “barbara” kuma ta tsaya wa haɗa jadawalai biyu. Ragowar, wato sauyin nan na ba-zata, na bar wa manazarta.